Ana yi wa Baba wankin ƙoda amma kullum ƙara ramewa yake, me ke cin jikinsa?

Ɗan_Garin_Malam
Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ina neman wanda ya san harkar wankin ƙoda ya fahimtar da ni. Mahaifinmu yana kan inji tun bara, sau biyu a sati, ta tiyon da aka sa masa a wuya. Ba ma fashi sai in dole. Amma kullum ƙara ramewa yake, abinci ba ya shiga, nama ma cewa yake yana masa ƙarnin ƙarfe a baki. Ana yi masa allurar EPO ta ƙarin jini, amma jinin ya ƙi wuce 8. Wannan satin likita ya duba takardun analiz, wato awon jini, ya ce CRP ɗinsa 46, albumin 28, akwai kumburi a cikin jiki, shi ke hana allurar aiki. Ni kuwa na duba ƙafafunsa da fuskarsa ban ga abin da ya ƙaru ba. Da na je sayen magani, mai kanti ya ɗauko mini wasu kafso masu tsada, ya ce suna wanke ɓarnar da iskar oksijin ke yi a jini, duk mai wankin ƙoda ya kamata ya sha. Ban saya ba tukuna. Wane irin kumburi ne wannan da ba a gani? Kafson kuma yana da amfani?

Maman_Nafisa
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ce. Kada ka saya sai ka nuna wa likitansa kwalin.

Labo_Sabon_Gari
Ɗan_Garin_Malam, aikina ke nan auna jini, bari in ɗan yi maka bayani. Kumburin ƙafa da fuska ruwa ne da gishiri da ƙoda ta kasa fitarwa, inji na janye shi. Wanda likita ke nufi daban ne. Garkuwar jiki ce ta tashi tana faɗa, irin tashin da take yi in mutum ya yi ƙurji ko masassara, sai dai a nan ba ta kwantawa, wata da watanni tana ci a hankali. Fararen ƙwayoyin jini suna sakin wasu sinadarai, babbansu ana ce masa IL-6, shi ke zuwa hanta ya sa ta ƙera CRP, wani furotin da ake aunawa a jini don gane wannan kumburin. Mai lafiya CRP ɗinsa ba ya kai 5. Masu wankin ƙoda kuwa, kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari za ka tarar nasu a sama ko da babu zazzaɓi. Amma 46 ya wuce a ce "ai haka masu wanki suke". Akwai abin da za a nema.

Hantar da ta duƙufa kan CRP tana rage ƙera albumin, babban furotin ɗin da ke cikin ruwan jini, shi ya sa ka ga 28 maimakon 35 zuwa sama. Sinadaran nan kuma su ke kashe sha'awar abinci, su narkar da tsokar jiki. Abu ɗaya dai: CRP yana cewa akwai matsala, ba ya faɗin inda take. Kuma awo guda bai isa ba, a sake bayan sati biyu ko uku a ga ko hawa yake ko sauka.

Majo_Mai_Ritaya
Ɗana, tun da ka ce tiyo a wuya tun bara, ni nan idona ya tsaya. Tiyon nan, kateta, roba ce da ta ratsa fata ta shiga babbar jijiya har bakin zuciya. Ƙwayoyin cuta kan manne a bangonta ta ciki, su lulluɓe kansu da wani yauƙi da magani ba ya ratsawa sosai. Duk ranar da aka kunna inji, jini ya kwashe su ya watsa a jiki.

Ka amsa mini waɗannan. Idan an haɗa shi da inji, yana rawar sanyi bayan ɗan lokaci? Ranar da ake canza bandejin, ka tsaya ka kalli bakin tiyon: ya yi ja, yana tsatsafo da ruwa ko mugunya, audugar da aka cire tana wari? In yana wanka ruwa na taɓa wurin? Ka san zafin Afrilu da Mayu na Damagaram, zufa na ɗaga filastan tun kafin kwana biyu, ga ƙurar hunturu a nata lokacin. Ku roƙi likita a ɗebi jini a kai a rena shi a ga ko akwai ƙwayoyi. Sannan ku tambayi maganar fistil, wato a haɗa jijiyar da ke kai jini da mai dawo da shi a hannu, ƙarƙashin fata, babu roba. Tun 1966 aka fara yinta a Amurka, har yau ba a samu abin da ya fi ta ba. Tana son sati 6 zuwa 8 kafin ta nuna, don haka jinkiri asara ne. Daga yanzu kada ku yarda a riƙa huda jijiyoyin hannun da ba ya aiki da shi, shi ake tanada wa aikin.

Ɗan_Garin_Malam
Baba Majo, wallahi rawar sanyin nan yana yi. Har bargo muke tafiya da shi. Mun ɗauka palu ce, zazzaɓin cizon sauro, an auna babu.

Majo_Mai_Ritaya
To ka faɗa wa likita haka da bakinka, kada ka ɗauka ya sani. Kada ka jira ranar wanki in zazzaɓi ya taso a gida.

Direban_Tanut
In kumburi ne ai da sauƙi. A ba shi diklofenak ko ibuprofen, su ne maganin kumburi, ko'ina ana samu.

Labo_Sabon_Gari
A'a Direba, don girman Allah. Waɗannan suna ƙarasa ɗan ragowar aikin da ƙoda ke yi, ɗan fitsarin da ya rage ya ɗauke, su tada hawan jini, su jawo zubar jini a ciki. Mutumin da ake sa wa maganin tsinka jini duk ranar wanki, ga jininsa 8, ina zai kai zubar jini?

Direban_Tanut
Ikon Allah. Mu kuwa a tasha su ne abincinmu in baya ya riƙe.

Ɗalibar_Likita
Sannunku iyayena da yayyena. Ina karatu a Jami'ar André Salifou, ban zama likita ba tukuna, amma zan faɗi abin da na karanta kan maganar mai kanti, don ba shi ya ƙirƙiro ta ba. Jiki yana ƙona abinci da oksijin ya samu ƙarfi. A wajen ƙonawar wasu ɓurɓushin oksijin masu kaifi kan kuɓuce, su afka wa kitse da furotin da bangon ƙwayoyin jiki. Abin da ke sa kwanon rufi ya yi tsatsa in ya sha damina, kusan shi ne, sai dai jiki yana da masu gadinsa: glutatiyon, bitamin C da E, da wasu sinadarai masu aiki da seleniyom da zink. Matsala tana farawa ne in masu ɓarnar sun rinjayi masu gadin.

A jikin mai wankin ƙoda an rinjaye su ta ko'ina. Jini na goguwa da matatar inji awa huɗu, fararen ƙwayoyi su ɗauka baƙo ne ya shigo, su fesa waɗannan ɓurɓushin, don da su suke kashe ƙwayoyin cuta. Matatun da, na kufrofan, sun fi tada wannan faɗan, na yanzu irin polisulfon sun fi sauƙi amma bai ƙare ba. Inji kuma ba ya bambance mai amfani da marar amfani, yana tafiya da bitamin C cikin ruwan wanki. Ga an hana majinyaci ganye da ƴaƴan itace da yawa. Ga gubar da ƙwayoyin hanji ke ƙerawa daga abinci, irin su indoksil sulfat, waɗanda ke manne wa albumin har inji ya kasa cire yawancinsu. Tsatsar tana tada kumburin da Yaya Labo ya faɗa, kumburin kuma ya ƙara tsatsar, kowanne na ciyar da ɗan'uwansa.

Wurin da abin ya fi ciwo shi ne jijiyoyin jini. Kitsen da ya yi tsatsa yana shigewa bangon jijiya, jijiyar ta ƙanƙance ta sandare. Shi ya sa masu wankin ƙoda ba ƙodar ce ta fi kashe su ba, zuciya ce da shanyewar ɓarin jiki. Haɗarin mutuwa ta wannan hanya ya ninka na sauran jama'a sau 10 zuwa 20. Likitoci ma sun haɗa ukun wuri ɗaya, rama da kumburi da toshewar jijiyoyi, saboda tare suke tafiya.

Na_Gure
Ni dai ban yi karatun likita ba, amma kakanninmu da me suka rayu? Zogale, zuma, habbatus sauda, ƙaro. A dafa zogale a tace ruwan ya riƙa sha safe da yamma, a haɗa masa da dabino. Turawan ma yanzu sun yarda zogale na kashe wannan tsatsar da ɗiyarmu ke faɗa. Me zai sa a kai kuɗi kanti alhali ga abu a tsakar gida?

Abu_Fatima
Na_Gure, don Allah ka janye maganar ruwan zogale da dabino. Ni da kaina nake kan inji, ba labari aka ba ni ba. Abin da ke gina mai lafiya shi ke kayar da mu, saboda potasiyom, wani sinadari da ke da yawa a ganye da ƴaƴan itace. Ƙodar mai lafiya tana zubar da shi a fitsari, mu kuwa taruwa yake har ranar wanki. Daidai shi ne 3.5 zuwa 5, in ya haura 6 zuciya na iya tsayawa ba sallama.

Akwai dattijon da gadonsa ke kusa da nawa. Ƴaƴansa cikin ƙauna suka riƙa dafa masa ganye suna ba shi ruwan, ga dabino da ayaba duk wanda ya zo gaisuwa ya kawo. Wata Lahadi ya tashi alwala ƙafafu suka ƙi ɗaukarsa, leɓɓansa suka mutu, bugun zuciya ya yi ƙasa. Da aka auna potasiyom ya haura 7. Da sauran kwana, cikin dare aka ɗora shi kan inji. Ruwan dahuwar ganyen nan da kake cewa a tace a sha, shi ne daidai wanda aka ce mu zubar.

Na_Gure
Allah ya ba ka lafiya Malam Abu. Zogale da dabino na ji. Amma ƙaro fa? Mu nan dakwara ce dukiyarmu, kuma na ji a Sudan asibiti ma na ba masu ciwon ƙoda.

Ɗalibar_Likita
Baba Na_Gure, maganar ƙaro tana da tushe. A Sudan an gwada shi kan masu wanki 40, gram 30 a rana har sati 12, aka ga CRP ya sauka. Ana ganin ƙwayoyin hanji masu amfani ne ke cinsa, sai gubar da ke fitowa daga hanji ta ragu. Amma mutum 40 kaɗan ne, kuma ba a nuna ya tsawaita rai ko ya hana ciwon zuciya ba. Ga shi da ruwa ake jiƙa shi, ruwan kuma a ƙidaye yake ga mai wanki.

Haka labarin kafson yake, Yaya Ɗan_Garin_Malam. A shekarar 2000 an gwada bitamin E a Isra'ila kan masu wanki 196 da ke da ciwon zuciya, matsalolin zuciya suka ragu kusan rabi, amma yawan masu mutuwa bai canza ba. A 2003 a Jamus an gwada wani maganin tsatsa, asetilsistayin, kan mutum 134, sakamakon ya yi kama da wancan. Sai a 2014 a Amurka aka ba mutum 353 bitamin E haɗe da wani maganin tsatsa, rabi na gaske rabi na banza, wata shida, CRP da IL-6 ko motsi ba su yi ba. Akwai ma maganin da aka sa wa rai sosai, bardoksolon, da aka dakatar da gwajinsa a 2012 kan masu ciwon ƙoda da sukari saboda zuciyarsu ta riƙa gazawa. Kuma kafson kasuwa galibi gauraye suke. Bitamin A taruwa yake a jikin mai ciwon ƙoda ya zama guba. Bitamin C in ya yi yawa yana rikiɗa ya zama oksalat ya daskare a jijiyoyi da gaɓoɓi, shi ya sa likitoci ke tsayawa wajen miligram 60 zuwa 100 a rana, alhali na kanti 500 ko 1000 ne.

Hajiya_Ta_Birni
Ni fa ramar ce ta tsaya mini a rai, kun bar ta kun tafi kafso. Ɗana, me Baba ke ci? Don na san halinmu. Da an ce ƙoda sai a hana mutum nama, a hana ƙwai, a hana wake, a hana madara, a bar shi da kunu da farar shinkafa. Hanin furotin na kafin a fara wanki ne. Wanda ya hau inji ƙarin furotin yake so, don inji na ɗebe masa kowane zama. Alhaji maigidana ya daɗe a kan inji, likita ya rubuta mana gram 1 zuwa 1.2 ga kowane kilo na nauyinsa a rana. Mai kilo 60 yana son gram 60 zuwa 72 ke nan, ƙwai guda kuwa gram 6 ne kawai. Ka lissafa ka gani ko Baba na samun rabi.

Yadda nake yi: farin ƙwai nake soya masa da albasa da ɗan mai, in rage gwaiduwar saboda fosfor, wani sinadarin da shi ma ke taruwa a jinin mai ciwon ƙoda. In naman sa ya yi masa ƙarni, in koma zabuwa ko kaza, in jiƙa da tafarnuwa da citta kafin ɗora wa wuta, in bari ya ɗan huce don turirin ne ke tada masa zuciya. Kabeji da karas da dankali in yanka ƙanana, in tafasa a ruwa mai yawa, in tsiyaye in zubar, sannan in yi miya. Dunƙulen miya na kanti na daina, kanwa ko kusa, don gishiri ce zalla, tana sa ƙishi, ƙishi ya sa ruwa, ruwa ya cika huhu. Tukunyarsa daban take, ƙarama, ba na haɗa ta da ta gida. Kaɗan-kaɗan sau biyar ya fi tulawa sau biyu.

Sai haƙori. Alhaji ya yi wata da watanni CRP na sama, an rasa dalili, ga shi da fistil ba tiyo ba. Ashe wani turmin haƙori ne ya ruɓe, dasashi na jini duk asuba in ya yi asuwaki. Da aka cire aka wanke bakin, awon da ya biyo baya ya sauko. Ku buɗe bakin Baba ku haska fitila.

Maman_Nafisa
Hajiya Allah ya saka da alheri, ya bar ku tare. Amma kaza da zabuwa kullum, ga kuɗin mota, ga odonans na sayen magani, ga analiz. Talaka fa?

Hajiya_Ta_Birni
Gaskiya ne ƙanwata, ba na musu. Shi ya sa na fara da ƙwai. Kuɗin kafson nan da aka nuna masa na tabbata zai sayi ƙwai na kwanaki.

Ɗan_Magarya
Ku da ke cikin gari kun ji daɗi. Mu sai mun kwana a hanya ko gidan dangi. Yayata takan tsallake zama in kuɗin mota ya gagara, ranar da ta koma sai an janye mata kilo huɗu ko biyar, ta sauko jiri na ɗibarta. Da can ma sai Yamai, kusan kilomita 900, ko a tsallaka Kano. Alhamdu lillahi da aka samu a Damagaram, amma har yanzu nisa na kashe mutanen ƙauye.

Majo_Mai_Ritaya
Ɗan_Magarya, abin da ka faɗa ba fita daga zance ba ne. Ruwan da ya taru shi ma yana tada kumburin cikin jini: bangon hanji na jiƙewa, gubar ƙwayoyin hanji ta samu hanyar tsallakawa. Ana so ƙarin nauyi tsakanin zama da zama kada ya wuce kashi 4 cikin ɗari na nauyin mutum. Ku haɗu dangi ku yi mata asusun mota, wannan ya fi kowane magani da za a saya mata.

Mai_Gyaran_Famfo
Babu wanda ya taɓo ruwa. Inji na tura ruwan wanki rabin lita a minti ɗaya. Awa huɗu lita 120 ke nan, tsakaninsa da jini ƴar fatar matata ce kawai. Mai lafiya yana shan wajen lita 14 a sati, kuma hanjinsa na tacewa. Baban Ɗan_Garin_Malam jininsa na gamuwa da lita 240 a sati. Dole a bi da ruwan ta yashi, da gawayi mai cire kulorin, da mai cire gauri, sannan injin osmos mai tace ruwan tas. Ko an kashe ƙwayoyin cuta, gutsattsarin gawarsu na iya ratsa matata su tada garkuwar jiki. Ƙa'idar ruwan wanki ita ce ƙwayoyi kada su kai 100 a mililita ɗaya, wanda ake kira tsantsa kuwa ƙasa da 0.1, kuma an ga CRP na sauka in an koma kansa. Garin da ruwa ke ɗaukewa, dole a tara a tanki, ruwan da ya kwanta cikin zafi kuwa kowa ya san abin da ke tsirowa a ciki.

Abu_Fatima
Malam, a yi hattara kada a tsorata mutane su guji inji. Ma'aikatan nan muna ganinsu tun asuba suna wanke bututu suna auna ruwa.

Mai_Gyaran_Famfo
Ban zargi kowa ba Malam Abu, ban kuma ce a guji inji ba, shi ne rai. Cewa na yi in mutane da yawa suka yi rawar sanyi a zama ɗaya, a duba ruwa. In mutum ɗaya ne kullum shi kaɗai, a duba tiyonsa kamar yadda Baba Majo ya ce.

Bazindire_A_Liyon
Nan Faransa da yawa an koma wani salo da ake tace jini da ƙarfi a mayar da ruwa tsantsa cikin jijiya, yana cire manyan gubobin da wankin da aka saba ke bari. A 2023 an fitar da sakamakon gwaji kan mutum 1360 a ƙasashen Turai, masu mutuwa kashi 17 ne a sabon salo, kashi 22 a tsohon. Sau uku a sati kuma ake yi.

Abu_Fatima
Allah ya kai mu Yaya. Mu yanzu addu'armu zama na uku a sati, da fistil a kan lokaci.

Ɗan_Garin_Malam
Na gode ƙwarai, ina karantawa ina rubutawa. Saura maganar jinin. Me ya haɗa kumburi da ƙin hawan jini? Feritin ɗinsa 800 ne, wani ya ce mini alamar ƙarfe ya yi masa yawa.

Labo_Sabon_Gari
Ba lalle ba. Feritin awon ƙarfen da ke ajiye a jiki ne, amma yana hawa da kumburi ko da ƙarfen bai yi yawa ba. IL-6 ɗin nan yana sa hanta ta saki wani sinadari, hepsidin, wanda aka gano wajen 2001. Aikinsa kulle ƙofar ƙarfe: hanji ya daina ɗauka daga abinci, wanda ke ajiye a hanta da saifa ya ƙi fitowa. Ɓargo na jiran ƙarfe ya ƙera jini, allurar EPO na matsa masa, kayan aiki kuwa a kulle. Shi ya sa ake ta ƙara allura ba a ganin komai, shi ya sa kuma ƙwayoyin ƙarfe na sha ba su cika amfanar masu wanki ba. A haɗa da awon cikar transferin, furotin ɗin da ke ɗaukar ƙarfe a jini, in bai kai kashi 20 ba ƙarfen da ke yawo a jini ya yi kaɗan. Ana son jinin ya zauna tsakanin 10 da 11.5. Ni a ganina ƙarfen da ake bayarwa ta jijiya ma a yi taka-tsantsan da shi, don yana cikin masu haddasa tsatsar.

Ɗalibar_Likita
Yaya Labo, an daɗe ana wannan tsoron, amma a Birtaniya an gwada kan mutum 2141, aka buga a 2019. Waɗanda aka riƙa ba ƙarfen jijiya miligram 400 kowane wata sun fi samun sauƙin matsalar zuciya, sun rage buƙatar EPO da ƙarin jini, kuma cututtuka ba su ƙaru ba.

Labo_Sabon_Gari
Na san shi ƙanwata. Amma a gwajin ana dakatarwa in feritin ya wuce 700, Baba kuwa 800. Kuma majinyatan can ba namu ba ne, ba su fama da palu da tiyon da ya shekara.

Majo_Mai_Ritaya
Ku biyun kuna da hujja. Abin da na sani a aiki, ba a sa ƙarfen jijiya ga mai cuta a jini sai an kashe cutar, don ƙwayoyin ma ƙarfe suke ci. Wannan hukuncin likitansa ne.

Malam_Na_Mirya
Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Ɗan_Garin_Malam, hidimar mahaifi ba ta faɗuwa ƙasa. A riƙa zama a ci abinci tare da shi, marar lafiya in an ware shi da kwanonsa shi kaɗai zuciyarsa ke mutuwa.

Ɗan_Garin_Malam
Amin Malam. Yau mun je wanki, na faɗa wa likita maganar rawar sanyi. Ya buɗe bandejin da kansa, bakin tiyon ya yi ja. An ɗebi jini an kai renon ƙwayoyi, an fara masa maganin kashe cuta ta inji, ya ce mai yiwuwa a canza tiyon, ya kuma rubuta mana takardar zuwa ganin mai aikin fistil. Kwalin kafson ya karanta ya ce a bari. Yayanmu babba dai ya dage sai an gwada ƙaro, likita ya ce a bari a ga sakamako tukuna, muna nan muna ja a gida.

Na_Gure
Yayanku yana da gaskiya. In likita ya ba da dama ka yi mini magana in aiko maka da mai kyau, fari tas, ba na kasuwa mai ƙasa ba.

Uwar_Biyu_Zango
Ku taimaka mini ni ma. Innata fistil gare ta, haƙoranta lafiya, ba ta fashin zama, amma CRP ɗinta kullum tsakanin 15 da 20. Tana da ciwon sukari.

Majo_Mai_Ritaya
Ɗiyata, cire mata takalmi ki duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu, mai sukari kan yi gyambo bai ji ba. In tana tari, ko zufar dare, ko rama, a nemi tarin fuka, yana yawan kama masu wanki kuma ba kullum yake zama a huhu ba. A sake awon ciwon hanta B da C. A tambaya ko nauyin da ake tsayar mata bayan wanki bai yi sama ba, don wanda ya rame aka bar shi kan tsohon nauyi, ruwa ne ya cike gurbin.

Labo_Sabon_Gari
Wani lokaci kuma a bincika duka a rasa, ciwon ƙodar da sukarin da injin su ne dalili. Ana gwada wasu allurai masu toshe IL-6 a ƙasashen waje, suna sauke CRP sosai, amma har yanzu gwaji ne.

Uwar_Biyu_Zango
To awon, kafin wanki za a ɗebi jinin ko bayan an gama? Don wani lokaci a wani wurin muke yi washegari.

Labo_Sabon_Gari
Kafin a kunna inji, daga allurar fistil ɗin, ba sai an sake huda ta ba. Ku riƙa yi a labo ɗaya don sakamakon ya kwatantu, kuma kada a auna a satin da ta yi palu ko mura, zai hau ya ruɗe ku. Ki kawo takardun baya duka a jera su wata bayan wata.